Katako Mai Ji

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, mutanen da suka cika gidansa na unguwar Al-Oud a Riyad sun rasa inda za su ajiye idonsu. Falon maza ne ya rikita su. Shekara da shekaru babu kujera a ɗakin nan, babu kilishi, sai teburin ƙwallon tebur da ya cinye wurin kaf, har baƙo sai ya bi bango a karkace kafin ya sami inda zai tsuguna. Ranar an naɗe teburin an jingina shi da bango, an aro darduma a maƙwabta an shimfiɗa. Duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, ya ce ya haƙuri, ya zauna, can kuma sai ka ga idonsa ya zame ya koma kan teburin.

Ina miƙa fulas ɗin shayi daga bakin ƙofa na ga wani ya rataya hularsa a kusurwar teburin. Abokin karawar Kawu, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke tuƙa tankar ruwa, ya miƙe da kyar, ya cire hular, ya miƙa wa mai ita. Ya koma ya zauna, ya rufe fuskarsa da rawani.

Kafilin Kawu, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ma ya zo, tsoho tukuf, ana riƙe da hannunsa. Ya ce wa mazan "Azzamallahu ajrakum," muryarsa ta karye a tsakiya, ya kasa ƙarasa sauran abin da ya zo da shi. A ɗakin mata kuwa matar Kawu, wadda duk muke kira Hajiya, tana zaune da carbi ba ta ja. Maƙwabciyarta 'yar Yaman, wadda ta sha buga musu bango saboda ƙarar ƙwallo, ita ce ta fi kowa kuka. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin ga ikon Allah? Rabin rayuwata ina faɗa da ƙarar abin nan. Yau ga shi shirun ne ya hana ni sakat."

'Yata Ummi tana bayan ƙofa, ta rungume jakar abin wasanta a cinya. Ba ta yi wa kowa magana ba, da Larabci ko da Hausa. Ni kuma ina kallonta da tsoro biyu a zuciyata. Na farko na kowa ne, na rashin babba. Na biyu nawa ne ni kaɗai: ina tsoron kada a ce Hausar yarinyar nan aka haɗa aka binne tare da shi.

Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna. Nan da 'yan shekaru ko mazan da suka raka shi ba za su iya nuna wurin ba. Shi ya sa na zauna ina rubuta abin da na sani.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai haɗa magunguna ne, ya zo Riyad tun ina goye, ya yi aiki a kantin magani ɗaya har gashin kansa ya yi fari tas. Da na sami aikin jinya a nan, shi ya tarbe ni a filin jirgi, kuma kalmar farko da ya gaya mini ba sannu da zuwa ba ce. Cewa ya yi, "Ashe har yanzu ba ki yi tsawo ba." Haka yake. Bakinsa ba ya raga wa kowa, aljihunsa kuma kullum da kanumfari da alewa. In zai tafi masallaci sai ya bi ta jikin katangar maƙabarta, ya ɗaga hannu ya yi sallama, ya ce su ne maƙwabtan da ba su taɓa kai ƙararsa ba.

Wasan ya koya ne tun yana makarantar kwana a Zariya. Ya ce ƙyauren ƙofa suke cirewa su ɗora a kan bencina, su jera littattafai a tsakiya a madadin raga, kafinta ya yanka musu katako tsirara ba roba. In yana ba da labarin sai ya lumshe ido, ya ce har yau yana jin ƙamshin ƙasar aji in an yi yayyafi, da ƙarar ƙwallon da ta tsage ana lallaɓa ta don babu wata. Abin bugun kuwa, yaran nan suna ce masa madrab, mijina yana cewa bat, shi Kawu mara yake cewa. Ya ce duk wanda ya taɓa ganin marar kwasar tuwo ya san daga inda Turawa suka sato fasalin.

Ummi sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya kiran sunan, muke ce mata Ummi. A nan aka haife ta. Makaranta Larabci, ƙawaye Larabci, wasa a tsakar gida Larabci. Tana fahimtar Hausa sama-sama, amma wani hutu da muka je gida ta buɗe baki ta yi wata magana a karkace, 'ya'yan ƙannena suka fashe da dariya suna kwaikwayonta. Daga ranar ta kulle bakin. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin kaya, na yi fushi na daina amsa mata in ta yi Larabci. Yarinyar nan ta fi ni taurin kai, kuma na san inda ta gado.

Abin da ya sa na damu shi ne Inna, mahaifiyata. Idonta ya fara tafiya, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Duk Juma'a muna kiranta ta bidiyo, Ummi ta zo ta ɗaga mata hannu ta yi murmushi, Inna kuwa ba ta gani. Sai ta karkato kunne ta ce, "Takwarata tana nan kuwa? Ban ji ta ba." Kullum sai ta faɗa. Tsohuwa ce, kunne kaɗai ya rage mata, jikar da aka yi mata takwara kuma ba ta taɓa gaya mata jimla guda cikakkiya ba.

Kawu yana ganin duk wannan bai taɓa matsa mata ba. Sai dai tsokana irin ta kaka da jika. Balarabiya yake ce mata. Ita ta ce masa Jaddi, wato kakana da Larabci, shi kuma ya waiga yana neman wanda ake kira.

Tana shekara goma sha uku aka kawo tebur makarantarsu, 'yan mata suka ɗauki wasan da zafi. Ta dawo gida ta ce wa babanta tana son madrab. Mijina injiniya ne, kuma mutum ne da in zai sayi cokali sai ya bincika wanda ya fi kowane a duniya. Ya kwana biyu yana karatu a waya, ya dawo da wani abu a cikin akwati mai sheƙi, katako mai kabon a ciki, robar kuma mai kauri kamar yankan burodi. Ranar Juma'a muka ɗauka sai gidan Kawu, yana ta taƙama a mota.

Kawu ya jefo mata ƙwallo a hankali. Ta taɓa, ƙwallo ta daki silin. Ya sake jefowa, ta daki na'urar sanyaya ɗaki. Ta uku ta fita ta ƙofa ta shige ƙarƙashin firij. Na ga idon Ummi ya ciko, ta fara cizon leɓe, na san saura kaɗan ta ajiye ta ce ba ta so.

"Kawo nan," in ji Kawu.

Ya karɓa, ya riƙe ta da yatsu biyu a wuya, ya ƙwanƙwasa ta a gaɓar yatsansa, ya kai kunne. Ya sake. Sannan ya dubi mijina.

"Wannan kurma ce."

"Haba Kawu," in ji mijina. "Wannan fa irinta zakarun duniya ke riƙewa. Dubi bayan akwatin, speed ɗinta ya kusa ƙurewa."

"To 'yarka zakarar duniya ce? Kai in jariri ya yi tari, awon babba kake ɗura masa don ya fi ƙarfi? Ƙwallo ba ta zama a kan abin nan, tana taɓawa ta tashi. Yaushe hannun yarinya zai san abin da ya faru? Ka saya wa kanka abin nuna wa mutane, ka ce ita ka saya wa."

A gaban mutane ya faɗa, har da mutumin Maraɗi yana dariya ƙasa-ƙasa. Gaskiya Kawu bai kyauta ba, kuma na gaya masa. Mijina ya yi 'yan makonni bai taka gidan ba, sai ya sauke mu a bakin layi ya ce yana da aiki. Shi kuwa Kawu ya ɗora akwatin a saman kwaba ya ce ajiya ce, ranar da yarinya ta isa zai ba ta da hannunsa. Bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, ba ya cikin kalmominsa. Sai wata rana ga shi a ƙofar gidanmu a Al-Shifa, ya sha hanya cikin rana da ledar kilishin da aka kawo masa daga gida, ya miƙa wa mijina ya ce, "Haƙorana sun gaza, kai ne mai ƙarfi." A nan maganar ta mutu.

Zaɓen marar Ummi kuwa, wata Asabar bayan la'asar muka je, ni da shi da ita, wani kantin kayan wasanni a Al-Suwaidi. Mai kantin ya san shi, yana ganinsa ya ce, "Ya hala, ya Sheikh," ya fara sauko da kaya yana murmushin wanda ya san yau ba zai tashi da wuri ba. Ya fara nuna mana irin waɗanda ake sayarwa biyu a haɗe da raga da ƙwallaye. Kawu ya ɗauki ƙwallo ya goga a kan robar, ta zame sumul.

"Kin gani? Roba ta mutu tun a kanti. Wannan ta zuwa shan iska ce, a buga a ci shinkafa a manta da ita."

Ya ce a kawo katako tsirara, wanda ba a manna wa roba ba, na itace zalla mai falle biyar, babu kabon babu komai. Aka jera masa a kan kanta. Ya ce wa Ummi ta miƙo hannu kamar za ta gaisa da mutum, ya saka mata ƙotar a tafin.

"Ki gaisa da ita. Ba shaƙe ta na ce ki yi ba, gaisuwa. Yauwa. Ɗan ali ya kwanta a baya."

Ya sa ta gwada mai miƙaƙƙiyar ƙota, da mai faɗi a ƙarshe wadda ba ta zamewa daga ƙaramin hannu. Ya sa ta kaɗa kowace a iska ta ji nauyin, ya ce wadda za ta gajiyar da wuyan hannu kafin a idar da wasa ɗaya ba tata ba ce. Sannan ya koma ƙwanƙwasawa. Wata ta yi ƙara siririya mai kaifi, ya ture ta gefe. Wata ta yi ƙara mai zurfi kamar an taɓa ƙwarya, ya ajiye ta kusa. Ya kai ɗaya kunnen Ummi ya ƙwanƙwasa.

"Kin ji?"

"Sami't," in ji ta, wato na ji da Larabci.

"A'a, Balarabiya. Wannan kunne kaɗai ya yi aiki." Ya ɗora ƙwallo a kan katakon ya ce ta riƙa buga ta sama a hankali. "Yanzu fa, a tafin hannunki, kin ji? Ku a Larabci kun rarraba abin, na kunne daban, na jiki daban, na kai daban. Mu kalma ɗaya muka ba su. Kunne ya ji, hannu ya ji, mutum ya ji Hausa, yaro ya ji magana. Mai koyo katako mai ji yake buƙata, wanda zai gaya wa hannunsa inda ƙwallo ta sauka da yadda ta tashi. Gudu daga baya yake zuwa."

Ta ci gaba da bugawa, tak, tak, tak, kanta a sunkuye, fuskarta ta yi wani irin laushi da na daɗe ban gani ba. Hasken yamma yana shigowa ta gilashin kantin ya sauka a kan ƙwallon, tana hawa tana sauka, mu uku da mai kanti duk muka yi shiru muna kallo kamar ba mu da wurin zuwa.

Aka rage saura biyu. Kawu ya fi son ɗaya, na gani a fuskarsa, har yana turo ta gaba da yatsa. Ummi ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan, ta rufe ido ta buga. Sai ta ɗaga wadda ba ita yake so ba.

"Wannan," ta ce.

Da Hausa. Kalma ɗaya tak, amma ni na juya na shiga duba takalman ƙwallon ƙafa kamar ina da mai sawa, don kada su ga idona. Kawu kuwa ko gezau. Ya ɗan ɓata rai ya ce, "Ni dai da waccan na ɗauka. Amma hannunki ne, ba nawa ba."

Roba ya zaɓa mai taushi, mai ɗan kama ƙwallo in an goga, sosonta ba kauri ba. Ja ɗaya, baƙa ɗaya. Mai kanti ya ce zai manna mana, Kawu ya ce la, shukran. A gida ya yi abinsa a kan teburin, da tabarau a ƙarshen hanci, kamar yana haɗa maganin da ba a kuskure a cikinsa. Ya shafa gam siriri ya jira ya sha iska, ya shimfiɗa robar daga wajen ƙota, ya murza ta da kwalbar maganin tari, ya bi gefe da almakashi. Yana yi yana kafa dokoki: kada a bar ta a mota, zafin garin nan yana kashe roba a yini guda. A goge ta da ɗan ruwa bayan wasa. Kada a ara wa kowa. Kada kuma a bar ta inda Hajiya za ta gani, don ta taɓa fifita garwashin turare da tasa. Hajiya daga kicin ta ce ai ranar ce kaɗai abin ya yi amfani a gidan.

Doka ta ƙarshe ita ce ta wasa. A teburinsa da Hausa ake ƙirga ci. Wanda ya faɗi lamba da wani harshe, cin ya koma na abokin karawarsa. Ummi ta yi ta asarar ci a kan "khamsa" da "sitta" har ta gaji da haushi. Kuma yarinyar ba ta son a cinye ta.

Waɗannan Juma'o'in su ne abin da na fi tunawa, kuma ban san ko duk abin da nake tunawa ya faru a farke ba. Nakan zo a gajiye daga asibiti, in ci abincin Hajiya, in kwanta a kan darduma a lungun da ke tsakanin falo da kicin. Na'urar sanyi tana gurnani, ƙamshin turare yana yawo, daga falo kuma tak, tak, tak, tak. Sai ƙarar ta fara nisa, ta yi nauyi, ta koma lugude. In ga tsakar gidanmu na Zariya, mata biyu a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. In ga Inna da ƙuruciyarta, idonta garau, tana tankaɗe a gindin bishiya, Kawu ya shigo da keke yana tsokanarta. A cikin wannan sai in ji wata murya tana cewa "bakwai da huɗu," in rasa ko a Zariya ake faɗa ko a Riyad. In na buɗe ido sai in ga silin ɗin Al-Oud, muryar kuma ta 'yata ce.

Hausarta a bakin tebur ta girma kamar yadda bugunta ya girma. Daga lambobi ta koma gardama. "Ƙarya ne, Kaka, ta taɓa raga!" "Wallahi ba ta fita ba, gefe ta ci!" Har kiran Jaddi ya ɓace ban san ranar ba. Shi kuma yana tsaye wuri ɗaya, ba ya ko motsa ƙafa, yana mayar mata da ƙwallo yana zuba mata labari, ita tana ta tsalle tana haki tana amsawa. Amma da an ajiye mara an fito falo, sai bakin ya koma ya rufe. A mota Larabci. A gida Larabci. Ranar kiran Inna, hannu da murmushi.

Na kasa haƙuri. Wata rana na tare shi a ƙofa na ce, "Kawu, tunda kai take jin maganarka, ka sa ta ta gaida Inna mana. Ko ina kwana ce."

"Ke da mijinki duk ɗaya kuke. Gudu, gudu."

"Inna ba ta da lokacin jira, Kawu."

Ya ciro kanumfari ya juya shi a yatsa bai sa a baki ba.

"Na sani," ya ce. "Ƙanwata ce kafin ta zama uwarki. Amma in na tura yarinyar nan yanzu ta yi tuntuɓe, aka sake yi mata dariya ko da ta so ce, shi ke nan mun rasa ta. A nan ba ta tsoron kuskure, don ta ga ni ma ina zubar da ƙwallo. Ki bar ta ta gama ji."

Na tafi ina jin haushinsa. Har yau ban tabbata shi ne mai gaskiya ba, don da Inna ce ta riga shi tafiya, ban san abin da zan ce ba.

Ciwon Kawu ya fara ne da rawar hannu. Ya koma zama a kan kujera a ƙarshen tebur, da roba cike da ƙwallaye a gefensa, yana jefo mata ɗaya bayan ɗaya. Mutumin Maraɗi ya zama shi ke karawa da ita, Kawu yana alƙalanci yana zagin su duka biyun. Daga baya kujerar ma ta gagara, aka kwantar da shi a asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake gani, amma sai na riƙa yi wa kaina ƙarya kamar kowa.

Ranar da na kai Ummi duba shi, ya kama hannunta ya juya tafin yana dubawa, ya taɓa ɗan kantar da ƙota ta yi mata.

"Akwatin babanki yana saman kwaba. Ki ce Hajiya ta sauko miki da shi."

Ta girgiza kai. "Ban ji ba tukuna, Kaka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ja'ira. Kin ji mana."

Da hantsi ya cika, Hajiya tana gefensa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin bakinsa saboda taushin zuciyarsa, Ya sa maƙwabtan da ya daɗe yana yi wa sallama su karɓe shi da alheri. Ya ba Hajiya haƙurin shirun gidan nan.

Ƙanena ne ya gaya wa Inna a can gida. Ni na kasa kiranta. Ina ta kai shayi, ina ta amsa gaisuwa, ina ta cewa sai an jima. Sai da jama'a suka ragu bayan la'asar na shiga ɗakin Hajiya na zauna a bakin gado na danna kiran. Aka kai mata wayar. Na ji numfashinta, na ji ta ce, "Ke ce?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai kuka. Ita ma ta kama. Muka zauna haka, uwa da 'ya, kowa yana jin kukan ɗan'uwansa daga nesa.

Ban ji shigowar Ummi ba. Hannu kawai na ga ya zare wayar daga nawa.

"Inna," ta ce. "Inna, sannu. Kaka ya mutu. Ni ma ina kuka."

Kukan da ke cikin wayar ya tsaya cak.

"Wace ce wannan?"

"Ummi ce."

Na san Inna, ba ta barin kuskure ya wuce ko a gidan makoki, kuma na san abin da gyara ɗaya zai iya yi wa yarinyar nan.

"Ke," in ji Inna. "Akuya ce take mutuwa. Mutum rasuwa yake yi. Ce ya rasu."

Na miƙa hannu zan karɓi wayar. Ummi ta juya mini baya.

"Ya rasu," ta ce.

"Yauwa. Sake faɗa."

"Kaka ya rasu. Ka yi haƙuri, Inna."

"Ki yi haƙuri. Ni mace ce, ba ƙaton kakanki ba."

"Af. To, ki yi haƙuri. Ai kin gane dai."

Sai na ji wani sauti daga wayar da ban san sunansa ba, rabi kuka rabi dariya. Inna ta ce, "La ilaha illallahu. Wannan ai bakin Yaya ne. Haka yake yi mini tun muna yara, a gyara masa ya ce ai kin gane dai. Takwara, matso da bakinki kusa. Gaya mini, ya rame sosai? Wa ya ba shi ruwa?"

Ummi ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ta fara ba ta labari, tana tuntuɓe tana tashi, in kalma ta ɓace mata ta tsaya ta nemo. Da ta maƙale a wani wuri na sunkuyo na faɗi kalmar da ƙarfi don in taimaka.

"Wa ke nan kuma?" in ji Inna.

"Ni ce, Inna."

"To ki ba mu wuri. Ba da ke nake ba."

Na tashi na fita, na ja musu ƙofa.